Surukata a Gaban Na'urar Filin Jirgi

Mun bar gida ana idar da sallar asuba, ni da surukata, a tsohuwar motar wani maƙwabcinmu da ke haya tsakanin Bagwai da Kano. Masu tambayar ina na shige kwanan nan, ga amsa: Legas na je, kuma ba yawon buɗe ido ba. Ƙanwar matata, autar gidansu, ita ta haihu a can. Haihuwar fari ce, kuma sai da aka yi mata aiki. A al'ada gida za ta zo wanka, amma likita ya hana ta doguwar tafiya, ga shi ba ta da dangi a kusa, daga ita sai mijin da ke fita aiki tun safe. Kullum ta kira waya kuka take yi, tana cewa ita dai a kawo mata Inna. Mijin ya sayi tikitin jirgi biyu ya turo, aka zauna shawarar mai rakiya. Matata ba za ta iya barin yara ba, ƙannenta maza suna tsakiyar yankan gero. Aka duba duk dangi aka ga ni kaɗai na taɓa hawa jirgi, shi ma sau ɗaya, lokacin wani taron malamai. Da wannan ɗan ilimin aka naɗa ni jagora.

Wanda bai san Inna ba ba zai gane nauyin da aka ɗora min ba. Surukar da ce, zamani bai taɓa ta ba. Tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba. In na je gaisuwa a bakin ƙofa nake durƙusawa, ita tana ƙuryar ɗaki, mu gaisa da labule a tsakaninmu. Ko gyaɗa ba ta taɓa ci a gabana ba. In tana da magana da ni sai ta nemi ɗan aike, ko da ina zaune a wurin, in kuwa babu kowa sai ta faɗa wa iska: "A ce wa Malam an gode." Ni ma in amsa wa iskar. Da wannan baiwar Allah za mu yi tafiya mu biyu har Legas.

Ana gobe tafiya na sa aka kai jakarta wurin mai awon hatsi aka ɗora a sikeli. Ta zarce nauyin da jirgi ya yarda da shi, kuma ba zarcewar wasa ba. Na aika matata ta ce a rage. Amsar da ta dawo min ita ce "to", ba musu ba ƙorafi. Na ji daɗi har ina yabon sauƙin kan Inna, na kwanta hankalina kwance.

Hanyar Bagwai zuwa Bici a wannan lokaci na kaka abin kallo ce. A ƙasarmu babu daji, ka fita daga gonar wani ka faɗa ta wani, ka wuce wannan ƙauyen kana hango hasumiyar masallacin na gaba. An yanke gero an jera dammuna a gindin ɗorawa da gawo, dawa kuwa tana tsaye ta sunkuyar da kai. Ta wajen madatsar ruwa shinkafa ta yi ja, masu korar tsuntsu har sun fito da gwangwanayensu. Muka yi ta kauce wa amalanken shanu da suka yi sammako, da ramukan da damina ta bari, waɗanda direbanmu ya san kowanne kamar ɗan gidansu. Ni ina gaba, Inna tana baya ita kaɗai, don mun biya kuɗin kujerun duka saboda ta sake.

Sai dai ba ta sake ba. Da na saci kallo ta madubi na gan ta zaune ƙiƙam, ba ta jingina ba, kuma kamar ta ƙara jiki a cikin hijabin. Na ce a raina kaka ta karɓi Inna bana. Motar kuma tun daga gida take tashin ƙamshin kimba da daddawa. Direba ya ce daga kayan da ke but ɗin motar ne, na yarda.

A Bici muka tsaya karin kumallo. Ƙosai dai yana nan a farashinsa na bara in ji mai tuyar, girman ne ya tafi, yanzu sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa wani abu. Mai shayi kuma yana zuba madara kamar mai ɗiga maganin ido. Na saya wa Inna nata na ba direba ya miƙa, ta ce a ce wa Malam ta ƙoshi. Ni kuwa yunwa nake ji, amma ba na iya tauna a inda za ta gan ni, don haka na zagaya bayan wata motar itace na ci a tsaye kamar mara gaskiya.

Daga nan muka hau titin Katsina, hanya ta yi kyau, bakin direba ya buɗe. Mun zo daidai kasuwar Dawanau, manyan motoci suna sauke buhuna, sai ya ce, "Malam, wai da gaske ne an kawo wani inji filin jirgi mai tuɓe mutum? An ce kana shiga za su gan ka yadda uwarka ta haife ka." Na taka masa ƙafa. Bai gane ba, ya ɗauka birki nake so ya taka. Ya ci gaba da cewa wani fasinjansa ya rantse masa har tabon kaciyarsa an gani. Na ce masa ƙarya ce, na kawo zancen tsadar mai, na kawo na taki, amma aikin gama ya gama. Inna kuwa tana kujerar baya, duk ta ji.

Unguwar Bacirawa da ke bakin Kano ta ba ni mamaki. Wurin da na sani gonaki yanzu gidaje ne na bulo marasa filasta, sun taso har bakin titi. A tsakiyarsu na ga wata gonar dawa guda ɗaya da mai ita ya ƙi sayarwa, katanga ta kewaye ta ta ko'ina. Daga nan cunkoso ya fara, 'yan adaidaita sahu suna shiga ta inda ko akuya ba za ta shiga ba. Duk da haka mun isa filin jirgi da sauran lokaci. Direba ya sauke mu ya juya. Aka auna jakar Inna ta yi daidai, aka manna mata takarda, bel ɗin jan kaya ya tafi da ita. Ni 'yar ƙaramar jaka ce a hannuna, mai kayan da zan sa ranar suna.

Muka shiga layin bincike, kuma ga na'urar nan a gaba. Wani ɗan ɗaki ne na gilashi, faɗinsa bai fi rumbun kaji ba, amma ya fi mutum tsawo. Mutum zai shiga ya taka sawun ƙafa biyu da aka zana a ƙasa, ya ɗaga hannuwa sama, wasu sanduna su zagaya shi sau ɗaya, ya fito. Layi yana tafiya har ya zo kanmu. Inna ta tsaya cak, ta dubi wani ginshiƙi da ke gefe ta ce, "A ce wa Malam ni iyakata nan."

Na matsa kusa da ginshiƙin na ce a ce wa Inna ta yi haƙuri, Auta tana jira. Ginshiƙi bai isar da saƙo ba. Mutanen bayanmu suka fara tsaki suna wuce mu. Allah ya taimake ni da wata jami'a Bahaushiya, matashiya mai fara'a, ta zo ta ce, "Inna, lafiya?" Inna ta jawo ta kusa ta yi mata raɗa, amma raɗar tsofaffi ce, har ni na ji: "'Yar nan, wancan mijin 'yata ne. A gabansa za ku tuɓe ni?"

Jami'ar ta danne dariya ta yi mata bayani, ni ma na kasa kunne don ban sani ba. Ta ce na'urar tana aika wasu igiyoyi ne irin na rediyo, sai dai gajeru ƙwarai, 'yan milimita kawai. Suna ratsa tufafi amma ba sa shiga jiki kamar hoton ƙashi na asibiti, fata suke buga su dawo. Duk abin da aka ɓoye tsakanin riga da fata, ƙarfe ne ko roba ko gari, dawowarsu daga kansa daban take, sai kwamfuta ta nuna wurin. Da haka ake kama masu ɓoye makami da masu safarar ƙwaya. Sannan ta juyo da allon ta nuna mata. Ba jikin kowa a kai, wani mutum-mutumi ne kamar zanen 'yan aji ɗaya, ba fuska ba komai, kuma shi ɗin ne ke fitowa ko wa ya shiga. Ta ƙara da cewa in Inna ba ta so, sai su shiga ɗaki ta laluba ta da hannu. Nan Inna ta ja baya da sauri ta ce a'a, ba a kai ga haka ba. A lokacin na ɗauka kunya ce kawai.

Aka yanke shawara in fara shiga ta gani. Jama'a, na sha shiga wurare masu wuya, amma ban taɓa tsammanin ranar da zan tsaya a gaban surukata na ware ƙafafu na ɗaga hannuwa sama kamar wanda 'yan sintiri suka kama da akuyar mutane ba. Sandunan suka zagaya, na fito ina murmushin ƙarfin hali. Sai ga tabo ruwan ɗorawa a hammatar mutum-mutumin, hagu da dama, da wani a gadon baya. Wani jami'i ya laluba ni bai sami komai ba, ya ce gumi ne, na'urar takan ɗauki jiƙaƙƙiyar riga a matsayin wani abu. Wato duk wanda ke layin nan ya ga irin tsoron da nake ji an zana shi a allo.

Inna ta ce wa jami'ar, "A ce masa ya juya bango." Na juya na fuskanci bango kamar ɗalibin da aka hukunta. Na ji ta yi bisimilla ta shiga. Na ji ƙarar sandunan. Daga nan na ji jami'ar ta ce "Ikon Allah," wani kuma ya ɗaga murya yana kiran ogansu. Wani fasinja da ke kusa da ni ya taɓa ni ya ce, "Malam, gara ka juyo." Na juya. Mutum-mutumin ya yi ɗamara da ruwan ɗorawa tun daga ƙugu har cinyoyi, gaba da baya.

Mata biyu suka shiga da ita wani ɗaki, ni aka tsayar da ni a bakin ƙofa gaban wani tebur. Ogan ya iso, wani dogon mutum ɗan kudu da ba ya jin Hausa. Aka fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da na sa a rage daga jaka, Inna ba ta rage ba, wuri ta sauya masa. Ta ƙulla kowanne a leda, ta naɗe a tsohon zane, ta ɗaure a ƙugu yadda matan ƙauyenmu ke ɗaure abin da ba sa so ya ɓata in za su kasuwa. Daddawa ta fito, kimba ta fito, citta da kanumfari suka biyo. Sannan aka ajiye wasu ƙulli uku na farin gari, an ɗaure su tamau da zare.

Fuskar ogan ta sauya, tawa ma haka. Na san kanwa ce dakakkiya ta kunun mai jego, amma na kuma san abin da ta yi kama da shi a kan wannan tebur, wato hodar iblis. Gaskiya na ji tsoro sosai. Na hango sunana a rediyo, malamin makaranta da surukarsa. Na tattaro Turancina na fara bayanin kunun kanwa, na ce ana dama shi ne don mai jego ta sami ruwan nono da ƙarfin jiki, amma Turancin ya watse, na ji kaina ina ta maimaita kalmar mama ina nuna ƙirjina. Ogan ya sa aka ɗebi kaɗan aka gwada a wata 'yar na'ura, muka tsaya muna jira. Sakamako ya fito babu komai. Kafin in gama hamdala ya ɗauki wani ƙulli ja ya kwance, ya kai hanci. Jami'ar ta ce "Oga, kar ka..." amma ta makara. Yajin jego ne, dakan Inna da hannunta. Ya yi atishawar da hularsa ta faɗi, na kusa da shi suka karɓa, har masu layi suka shiga tari. Da ya samu ya share hawaye shi da kansa ya yi dariya, ya ce a mayar wa Mama kayanta ta zuba a leda ta riƙe a hannu.

Na ɗauka an gama. Sai jami'ar ta fito daga ɗakin riƙe da abu na ƙarshe, fuskarta ba dariya. Wata 'yar wuƙa ce a cikin kube na fata, ƙotarta ta yi sulɓi don tsufa. Ogan ya girgiza kai ya ce wannan kam ba za ta shiga jirgi a hannu ba, doka ce, ko dai a bar ta a nan ko a sa a jakar da ke tafiya ƙarƙashin jirgi. Jakar Inna kuwa ta riga ta tafi. Daidai nan lasifika ta kira masu zuwa Legas.

Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta rame nan take tun da an kwance mata ɗamara. Ta ce wa jami'ar, "'Yar nan, ni ba wanda zan yanka. 'Ya'yana bakwai, ba wanda bai kwana da wuƙar nan a ƙarƙashin matashinsa ba har ya yi arba'in. A kan matar wancan na saye ta. Na haife ta ina yarinya, ba na barci don tsoro kar wani abu ya same ta, sai da na sa wuƙar nan na iya runtsawa. Yanzu Auta tana can ita ma ba ta barci. In je mata hannu rabbana?" Tana faɗa ta nemi wuri a ƙasa ta zauna.

Ni malami ne, na san addu'a ce kariyar jariri, wuƙa ba ta korar komai. Amma wurin nan ba wurin wa'azi ba ne, kuma tausayinta ya kama ni. Wayata ta shiga ruri a aljihu, na duba, Auta ce. Ban ɗauka ba don ban san me zan ce mata ba. Na roƙi ogan ya ba ni wuƙar, na cusa ta a tsakiyar kayan sunana, na rungumi jaka na fita da gudu, babbar riga tana tashi. Na tarar an rufe karɓar kaya. Matar da ke wurin ta ce na makara. Na ba ta labarin tun daga haihuwa har atishawa, ban san da wane yare ba. Ta dube ni, ta dubi jakar, ta yi magana a rediyon hannunta, sannan ta manna takarda ta miƙa wa wani ya ruga da ita. Allah ya saka wa wannan mata da alheri duk inda take.

Dole na sake bi ta na'urar. Wannan karon mutum-mutumin gaba ɗayansa ya koma ruwan ɗorawa, daga wuya har gwiwa. Jami'in da ya laluba ni ɗazu ya ce, "Malam, wanka ka je ka yi?" Mu ne na ƙarshe da muka shiga jirgi, Inna tana rungume da ledar kanwa, mutane suna ta juyowa suna neman inda ƙamshin daddawa ke fitowa.

Ba zan ce muku ga yadda ƙasa take daga sama ba, don Inna ce a taga kuma ba na iya kallon wajenta. Ta rufe ido tana jan carbi har muka sauka. A Legas jakarta ta fito da wuri, tawa ta ƙi fitowa. Muka tsaya bel yana zagayawa, mutane suna ɗauka suna tafiya, har ya rage mu kaɗai. Can sai ga 'yar jakata ta leƙo ita kaɗai.

Mijin Auta ya ɗauke mu. Legas dai ruwa ne da gadoji da hon, da zafi mai ɗanko, kuma kuɗin da zai ciyar da kai yini a Bici a can ruwan sha kawai zai saya maka. Gidansu ɗaki biyu ne a hawa na uku, Inna ta hau matakalar nan ba ta tsaya hutu ba. Muka tarar da Auta zaune a bakin gado, idanunta sun faɗa, ta rungume jaririn kamar za a ƙwace mata. Tana ganin uwarta ta fashe da kuka. Inna ba ta rarrashe ta ba, ta karɓi yaron ta yi masa addu'a, ta kwantar da shi, ta sa aka karɓo wuƙar daga jakata ta tura ƙarƙashin matashinsa. Sannan ta shiga kicin ta nemi tukunya. Kafin kunu ya dahu Auta ta yi barci a zaune, bakinta a buɗe. Mijin ya ce min tun da aka sallamo su daga asibiti bai ga ta yi irin wannan barcin ba. Muka fita baranda don kar mu tashe ta.

Bayan suna na juyo ni kaɗai, Inna sai an yi arba'in. Na bi ta irin na'urar a can ma, na wuce ba ko tabo. Daga Kano na hau motar Bagwai, na iso da la'asar na tarar an fara yankan dawa.

Ga masu shirin raka tsofaffi filin jirgi, abin da na koya kaɗan ne. Ku yi musu bayanin na'urar nan tun a gida kafin direba ya riga ku. Ku gaya musu ba ta tuɓe kowa, amma duk abin da aka ɗaure a jiki sai ta nuna. Wuƙa da almakashi su shiga babbar jaka. In kuma tsohuwa ta ce muku "to" ba musu, ku sake bincike.

Da muka zauna da matata na ba ta labari tana ta dariya har da riƙe ciki, musamman wurin atishawar oga. Da na zo kan abin da Inna ta faɗa game da wuƙar, sai dariyar ta tsaya. Ita ce 'yar fari, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, ta tashi tana ganin Auta ce 'yar so. Ta ce, "Inna ce ta ce ba ta barci saboda ni?" Na ce da kunnena na ji. Ta juya baya tana gyara wutar murhu da ba ta buƙatar gyara, ta daɗe a haka. Sannan ta ce in sake faɗa mata daga farko, yadda Inna ta faɗa, kar in rage komai.